Hular Fitilar Baba Remo

A benen da Suweiba take zaune a titin Grand Concourse, a unguwar Bronx, kwano ba shi da gida. Yau yana hawa na biyu ɗauke da tuwon shinkafa, gobe ka gan shi a hawa na shida da gyaɗa a ciki, jibi ya tsallaka titi. Doka ɗaya ce kowa yake kiyayewa, mutumin Kumasi ne shi ko na Maraɗi: idan aka kawo maka abinci, ba ka mayar da kwano wayam. Ko albasa biyu ce ka jefa a ciki. Saboda haka kwano yakan yi sati yana jiran abin da za a zuba masa, kafin nan an manta mai shi, sai a miƙa wa wanda aka fi zato. Suweiba ta rasa kwanuka ta wannan hanya, ta kuma samu waɗanda ba ta san daga inda suka fito ba, abin bai taɓa hana ta barci ba.

Ƙofarta tana kallon ta wani tsoho ɗan Italiya mai suna Remo, wanda ya riga kowa zuwa benen, tun kafin baƙin Afirka su san hanyar Bronx. Matan bene suna ce masa Baba Remo. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'yarsa tana aure a New Jersey, shi kuwa yana nan shi kaɗai da rediyonsa. Suweiba ba ta iya ganin tsoho yana cin burodi da cuku safe da yamma ta yi shiru, don haka duk ranar da ta yi miya mai kyau sai ta rage barkono a gefe ta kai masa. Turancinsa da nata duk na aro ne, amma suna fahimtar juna sarai. Ta san a ƙuruciyarsa aikin gilashi ya yi a wani tsibiri da ake kira Murano, inda ake ɗebo narkakken gilashi daga tanderu a bakin dogon bututun ƙarfe, a busa shi da baki ana jujjuyawa har ya zama abin da ake so. Ya sha nuna mata tabon ƙuna a hannayensa yana alfahari, kamar tsohon soja.

Wata ranar Asabar da hantsi, a kakar shekarar 2015, Baba Remo ya ƙwanƙwasa mata ƙofa. Bai saba ba. Yana tsaye da silifas, gashinsa a hargitse, fuskarsa babu walwala.

"Suweiba, zo ki ga wani abu," in ji shi.

Ta bi shi. Falon cike da kwalaye, domin gobe Lahadi 'yarsa za ta zo ta ɗauke shi ya koma wurinta gaba ɗaya. Ya wuce da ita ɗakin kwanansa, inda ba ta taɓa shiga ba, ya nuna mata kan durowa. Wata fitila ce ta lantarki, gindinta na gilashi ne fari kamar nono, da zane ruwan goro yana nannaɗe da shi, amma samanta ƙwan fitila ne kawai tsirara.

"Hularta ta ɓata," ya ce. "Na wanke ta na kife a kicin don ta bushe kafin a naɗe kaya. Na duba ko'ina. Matata Luciya ce ta zana wannan fitila a shekarar da muka yi aure, ni na busa ta. Masana'antar ta yi kaɗan ta daina, sauran ban san inda suke ba. Wannan ce kaɗai na fito da ita daga gida. Ba zan iya barin gidan nan da rabinta ba."

Tun bai rufe baki ba Suweiba ta gane abin da yake nema. Ta san wannan zane ruwan goro. Kwanakin baya da ta kawo masa miyar kuɓewa, ta shiga kicin ɗaukar kwanonta na jiya ta tarar bai gama cinye abin ciki ba, sai ta ga wani kwanon gilashi mai faɗi a kife cikin kwanukan da aka wanke. Ta ce a ranta bari ta tafi da shi ta ciko masa da cincin. Ta lura yana ɗan rangaji idan an ajiye shi, amma ta ce Turawa ne, ba abin da ba sa ƙerawa. Ta soya cincin ɗin, ta cika shi, ta ajiye a tebur. Da yamma ta ce wa mijinta Abdul-Jalil ya miƙa wa maijego abin da ke kan tebur, tana nufin kular kunu, shi kuwa ya kwashi duka biyun ya hau da su wurin Salamatou, 'yar Nijar ɗin da ta haihu a hawa na biyar. Da ta gane, sai ta ɗaga kafaɗa, ai kwano ne, zai dawo.

Gaskiya ita ce ta so ta faɗa masa nan take, amma bakinta ya ƙi. Ta dubi idon tsohon ta ga ya cika da ƙwalla, kunya da tausayi suka rufe ta.

"Baba, ka zauna ka sha shayi," ta ce. "Zan duba maka."

Ba ta jira lifta ba, ta bi matakala tana haki. Salamatou tana zaune a kan katifa tana shayar da jariri, ɗakin yana ƙamshin turaren wuta. Sai da suka gaisa, aka tambayi kwanan jariri da ruwan nono, don ko gobara ake yi ba a shiga ɗakin maijego da tambayar kwano.

"Maman bebi, kwanon gilashin da maigida ya kawo cincin a ciki, yana nan?"

"Wane? Mai ruwan goro?" Salamatou ta gyara wa jariri kwanciya. "Ashe naki ne, Yaya? Pardon. Walahi na aza na Anti Yaa ne, don ita ta iya sayen irin waɗanga kaya. Kwana biyu shina cikin shokes ɗina, durowar gilashin can, gaban faranta na Dubai, duk wadda ta zo barka sai ta tambaya. Da zai tafi har raina bai so ba. Na zuba mata naman suna na aika mata."

"Nama mai zafi?"

"Soyayye, ya huce. Lafiya?"

Suweiba ta gaya mata a taƙaice. Salamatou ta dafe ƙirji, sannan dariya ta ƙwace mata, ta toshe baki da gefen zani don kada jariri ya farka. Suweiba ba ta ga abin dariya ba tukuna.

Yaa 'yar Asante ce, mai aikin kula da tsofaffi, tana zaune a Concourse Village. Tafiyar ƙafa ce, Suweiba ta yi ta kamar ana korarta. Ta tarar Yaa ta dawo daga aiki ke nan, ƙafafunta cikin roba da ruwan ɗumi. Yaa ta girma a bakin zangon Kumasi, Hausarta ta zango ce tsantsa, wadda ba ruwanta da bambance mace da namiji.

"Ei, wannan bol ɗin? Ya yi kyau paa," in ji Yaa. "Na riƙe shi a windo na ga ƙananan iska a cikin gilas ɗin, kamar soda. Na ce wanda ya yi wannan, numfashin shi ya kulle ciki. Amma ba nawa ba ne, ni ban son riƙe kayan mutane koraa, ko kaɗan. Salamatou ya aiko, Salamatou zan mayar ma. Jiya da safe na sa waake, shinkafa da wake, a leda na sa ciki, na ga mijin shi Souley a bakin tashan tiren, na ba shi."

"Souley ya kai gida?"

"Ya na hanyan aiki ne. Ki tambaye shi."

 Souley, mijin Salamatou, tebur yake kasawa a Canal Street, inda mutane suke tafiya kafaɗa da kafaɗa, inda idan 'yan sanda suka ɓullo wasu 'yan kasuwa sukan tattare kaya cikin zanin gado su ruga. Suweiba ta kira wayarsa ta yi ta ringin ba a ɗauka ba. Ta kira Salamatou, ita ma ta ce ai Souley ba ya jin waya ranar Asabar, kuma bai shigo gida da kwano ba jiya.

Ta shiga jirgin ƙasa na layin D. Wanda bai taɓa sauri ba ne yake cewa jirgin nan yana gudu. Ya tsaya a tasha, ya tsaya tsakanin tasha da tasha, ya tsaya don kawai ya ga dama. Suweiba tana zaune tana jan carbi da yatsu, tana yi wa Abdul-Jalil faɗa a zuci, daga baya ta tuna ba shi ya ɗauko kwano daga kicin ɗin mutane ba, sai ta bar shi ya huta. Abin da ya fi ci mata rai shi ne tsohon ya yarda da ita har yana barin mata ƙofa a buɗe. Ta sauka a Grand Street ta kutsa cikin jama'a, tana wuce masu kifi da masu jakunkuna da masu raɗa wa mutane sunayen agogo a kunne.

Daga nesa ta hango teburin Souley. Wani dogon Bature mai gemu ya ɗaga hular fitilar sama da hannu biyu yana kallon rana ta cikinta. Hasken ya ratsa gilashin ya zubo a kan tabarau da rigunan waya da ke tebur, duk suka koma ruwan zuma. Mutum uku ko huɗu sun tsaya suna kallo.

"Malam Souley," ta ce. "Ka ce ya ajiye. A hankali."

Souley, siriri mai hular sanyi ko da zafi, ya washe baki. "A'a, Hajiya Suweiba, yau ke ce a ofishinmu? Mi ya faru?"

"Ka ce ya ajiye tukuna."

Baturen ya ajiye, cikin ladabi kuwa, ya fi su duka iya riƙe ta. Ya ce yana da shagon tsofaffin kayan ɗaki a can gaba, ya ce wannan aikin Murano ne na da, da baki aka busa shi, ya juya ta ya nuna inda aka yanke ta daga jikin ƙarfe aka goge wurin. Ya tambaya ina gindin. Ya ce tun jiya yake roƙon mutumin nan ya sayar masa, ya ƙi.

"Bon, ya za a yi in saida?" in ji Souley da Hausa. "Kwanon abinci ne aka ba ni. Na canye waake, na ce in maida, sai na ga babu abin da zan sa ciki. Na zuba makullai na ado a ciki kafin in samu, sai ga kwastoma suna tsayawa kamar ana rabon kyauta. Jiya nan ya kwana cikin sito, na naɗe shi da rigar sanyi ta."

 Suweiba ta gode wa Baturen, ta ce masa mai abin yana da rai kuma yana jiran kayansa. Ya sa hannu a ƙirji ya ce ta gaishe shi, ta ce masa wani a Canal Street ya cire masa hula. Ta juye makullan a tebur, ta warware gyalenta za ta naɗe.

"Tsaya, Hajiya," Souley ya ce. "Haka za ki tafi da shi wayam? Daga hannuna?"

"Malam Souley, ba kwano ba ne. Hular fitila ce."

"Ni dai da abinci ya zo mani."

Babu yadda ta iya da shi. Ya tsallaka wurin wani ɗan garinsu ya dawo da ledar dabino, ya zazzage a ciki, sannan ya yarda ta naɗe. A jirgin komawa ta rungume ƙunshin a cinya, duk wanda ya matso da jakar baya sai ta harare shi. Wata tsohuwa ta leƙo tana murmushi, a zatonta jariri ne.

La'asar ta yi kafin ta iso. A bakin ƙofar Baba Remo ta tarar da Salamatou da jaririnta a kafaɗa, da Yaa da ta fasa barcinta ta biyo sawu. Sun ce tunda da hannunsu a ciki, ba za su bar ta ta shiga ita kaɗai ba. Yaa ta riƙo ledar gyaɗa, Salamatou ta kawo sauran cincin. Kafin Suweiba ta ce wani abu sun buɗe gyalen sun zuba a kan dabinon.

'Yar Baba Remo, Karla, ita ta buɗe ƙofa. Ta zo da wuri saboda mahaifinta ya kira ta ya ce ba inda za shi. Tsohon yana zaune a kujera tsakanin kwalaye, gindin fitilar a kan teburi a gabansa, shayin safe yana nan bai taɓa ba.

Suweiba ta durƙusa ta ajiye ƙunshin a kan teburin ta buɗe. "Baba, ni na ɗauka. Na zaci kwano ne. Da safe na sani, kunya ta hana ni faɗa. Ka yafe mini."

 Tsohon ya dubi hular, ya dubi dabino da gyaɗa da cincin da suka yi tsiri a cikinta. Ya sa yatsa ya bi bakin gilashin a hankali har ya zagayo, sannan ya ɗan ƙwanƙwasa shi da farce ya kasa kunne. Ƙarar ta fito siririya, doguwa, babu tsaga.

"Ina ta je?" ya tambaya.

Ta faɗa masa, tun daga teburinta har Canal Street. Da ta zo kan naman suna Karla ta rufe ido. Da ta zo kan makullai, kafaɗun tsohon suka fara girgiza, Suweiba ta tsorata ta zaci kuka ne, ashe dariya ce ta ci ƙarfinsa har da tari. Sai da Karla ta ba shi ruwa.

"Shekara arba'in tana ɗakin kwana, ba mai ganinta sai ni," ya ce yana share ido. "Me mutane suka ce?"

Nan fa baki ya buɗe. Salamatou ta ce ta sa ta gaban kayan Dubai kuma ta kunyata su, Suweiba tana fassarawa. Yaa ta faɗi maganar numfashin da ke kulle a ciki, tsohon ya gyaɗa kai ya nuna ƙirjinsa. Aka gaya masa saƙon Bature mai gemu. Ya sa aka maimaita masa kowace magana, kamar mai karɓar gaisuwar da aka aiko daga gida. Sannan ya ba su labarin Luciya: yarinya ce mai naɗe kaya a masana'anta, mata ba sa zuwa bakin tanderu a lokacin, sai ta riƙa zana siffofi da alli a ƙasan wurin aiki idan maza sun fita cin abinci. Ya busa wannan siffa ya fasa, ya busa ya fasa, tana tsaye daga bakin ƙofa tana girgiza kai, har ranar da ta ce ya yi. Da fitilar ta fita kasuwa sunan masana'anta aka liƙa mata, ba na Luciya ba.

"Luciya," Yaa ta maimaita, tana gwada sunan a bakinta. "Matar ya iya aiki paa."

"To, ba a ɗora hula da kaya a ciki," in ji Baba Remo. "Ku ci."

Suka zauna a kan kwalaye suka ci. Karla ta ɗanɗana cincin ta ƙara ɗiba, ta tambayi yadda ake yi. Abin da ya rage aka juye a leda don tsohon ya yi guzuri. Suweiba ta kai hular kicin ta wanke da ruwa mai ɗan ɗumi kamar yadda ya umarta, ta goge da tawul mai laushi, ta kawo ta miƙa masa da hannu biyu. Karla ta ja labule, falon ya yi duhu-duhu.

Baba Remo ya miƙo hannu zai karɓa, sai ya tsaya. Yatsunsa suna karkarwa, ya dube su kamar na wani. Karla ta matso ta ce bari ta ɗora, ya girgiza kai.

"Tun da aka yi ta ba wanda ya taɓa ɗora ta sai ni da Luciya," ya ce. "Yau hannuna ya ƙi." Ya ɗago ido ya dubi Suweiba. "Ke kika ratsa garin nan da ita a cinya ba ta fashe ba. Ɗora."

 Suweiba ta yi bisimilla, ta kifa hular a kan gindin, ta ɗan juya ta yadda yake nuna mata da yatsa, har zanen sama ya haɗu da na ƙasa ya zama layi ɗaya. Gilashi ya zauna a kan gilashi da wata 'yar ƙara. Tsohon ya lalubi makunnin ya danna.

Hasken ya cika falon, ruwan goro mai taushi, ya hau kwalaye da bango da fuskokin matan. Jaririn Salamatou ya buɗe ido ya bi shi da kallo.  Baba Remo ya jingina da kujera yana kallon fitilar, hawaye yana bin kumatunsa bai share ba, hannunsa ɗaya riƙe da gefen gyalen Suweiba.

Can ya ce wa 'yarsa, "Gobe za mu tafi. Amma wannan kada ki sa ta a kwali yau. Bar ta a kunne."